UMARU GANDA: ƊAN DAKON TREICHVILLE DA YA KOMA MALAMIN JAMA'A



Ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 1981 Allah ya yi wa Umaru Ganda rasuwa a birnin Yamai, yana da shekara 45 a duniya. A can Nijar sunansa na nan a kan babbar cibiyar al'adu ta birnin. A Wagadugu kuwa, duk sa'ad da aka taru bikin fina-finan Afirka da ake kira FESPACO, akwai kyautar da ake bayarwa da sunansa ga wanda ya fi nuna gwaninta a dogon fim ɗinsa na farko. Amma a nan Abijan, a Treichville inda ya yi zaman lebura, da Adjamé inda jama'armu da yawa suke cin kasuwa a yau, da wuya ka ambaci sunan nan a majalisa ka ga wani matashi ya ɗago kai. Ya zame mana inuwar giginya, na nesa ke shan ta.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, Umaru Ganda malami ne, ko da yake ba da allo ko alli aka san shi ba, kuma mu mazauna waɗannan unguwanni biyu mun fi kowa cin bashinsa. Ta bakinsa ne duniya ta fara jin yadda iyayenmu 'yan ci-rani suka rayu a bakin tekun nan. Daga baya kuma ya karɓi na'urar ɗaukar hoto a hannunsa, ya mayar da ita abin yi wa mutanensa nasiha. Duk wanda ya yi waɗannan ayyuka biyu ya cancanci a zauna a karanta rayuwarsa kamar yadda ake karanta ta manyan malamai, a ɗauki darasi, a kuma yi masa addu'a.

An haife shi a Yamai a shekarar 1935, Bazabarme ne. Ya yi lakwal ta firamare, sa'an nan yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa a 1951. Aka ɗauke shi zuwa gabas mai nisa, ƙasar da Faransawa ke kira Indoshin, wadda a yau ta kasu gida uku: Biyetnam da Lawos da Kambodiya. A can Faransa na gwabza yaƙi tun ƙarshen 1946 da mutanen Ho Chi Minh masu neman 'yancin ƙasarsu, yaƙin da ya ƙare da faɗuwar sansanin Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayu 1954 da kuma yarjejeniyar Janiba a watan Yuli na shekarar. Umaru ya yi kimanin shekara biyu a wannan fage, aka sallame shi daga soja a 1955. Mai karatu ya tsaya ya auna: yaron da gemu bai gama fito masa ba, ƙasarsa tana hannun Bature, an danƙa masa bindiga ya je ya yaƙi wasu talakawan da su ma ƙasarsu ke hannun Baturen nan guda. Ya dawo gida yana ɗan shekara 20, ya nemi aiki a Yamai bai samu ba.

Da aiki ya gagara sai ya yi abin da samarin Nijar da na arewacin Nijeriya suka saba yi tun kaka da kakanni, ya ɗaure kayansa ya nufi kurmi. A wancan zamani Abijan ce ke kiran kowa. A 1950 aka buɗe mashigin ruwa na Vridi, wanda ya haɗa tafkin garin da teku, a 1951 kuma aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa, manyan jirage suka riƙa shigowa har cikin gari. Koko da kofi da katako suna fita, siminti da ƙarfe da atamfa suna shigowa, kuma kowane buhu sai an sami kan da zai ɗauke shi. Dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta riga ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, saboda haka yanzu talauci ne ke koro mutane da ƙafafunsu. Hanyar jirgin ƙasan da aka raɗa wa suna Abijan zuwa Nijar ta isa Bobo-Dioulasso a 1934, ta isa Wagadugu a 1954, can ta tsaya ba ta ƙarasa Yamai ba, amma mutanen Yamai da Tawa da Maradi da Damagaram sun iso ta mota da ƙafa sun tarye ta.

Garin da suka tarar a rabe yake. Turawa da ofisoshinsu suna kan tudun Plateau. Daga arewa, bayan barikokin soja, ga Adjamé. Daga kudu, ƙetaren tafki, ga Treichville, wadda aka sa wa sunan wani Bafaranshe, Marcel Treich-Laplène. A waɗannan unguwanni biyu aka tara baƙar fata, 'yan ƙasa da baƙi, kuma daga nan lebura ke sammako ya ƙetara ruwa ya tsaya a bakin ƙofar tasha ko kamfani, yana jiran a nuna shi da yatsa a ce yau akwai aiki. Ran da ba a nuna shi ba, ya koma haka nan. Umaru Ganda, tsohon sojan da ya ga Asiya da idonsa, cikin wannan layi ya tsaya, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

A nan ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya, daga baya ya koma binciken al'adu da ɗaukar fim. Rouch na nazarin ƙaurar mutanen Nijar zuwa bakin teku, sai ya ɗauki Umaru aikin tattara masa bayanai a cikin 'yan uwansa. Daga wannan aiki aka haifi fim ɗin da ya fito a 1958 mai suna Moi, un noir, wato Ni Baƙar Fata, wanda kuma aka san shi da sunan Treichville. Samarin da ke cikinsa 'yan Nijar ne, kowa na nuna rayuwar kansa, sai dai sun ari sunayen taurarin fina-finan da suke kallo a gidajen silima na unguwa. Umaru ya zama Edward G. Robinson, abokinsa Petit Touré ya zama Eddie Constantine, wani direban tasi kuma ana ce masa Tarzan. An ɗauki hotunan ba tare da murya ba. Bayan an gama aka zaunar da Umaru gaban hoton, ya riƙa magana a kansa yadda ta zo masa, yana ba da labari, yana tsokaci, yana ƙorafi, yana mafarki. Wannan murya tasa ita ce ran fim ɗin. A shekarar ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa, kuma matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba shi sun kuma koyi abubuwa daga gare shi.

Turawa sun ga sabon salon fim a cikinsa. Mu abin da muke gani daban ne, domin hoton gidanmu ne. Ga titunan Treichville kafin a samu 'yancin kai, ga leburori na ƙetare tafki da safe, ga buhuna a kan mutane, ga cin abincin rana a bakin hanya da kwanciya a inuwa kafin a koma aiki. Ga ranar hutu da taron gumbe, inda samari da 'yan mata baƙi ke haɗuwa su yi rawa su manta wahalar mako. Ga kewar gida, inda hoto ke komawa bakin kogin Kwara ana ganin yara suna wanka. A kusa da ƙarshe kuma Umaru na tafe a gefen tafki tare da wani yaro, yana kwatanta masa yaƙin Indoshin, yana jifa kamar mai jefa gurneti, yana faɗuwa ƙasa kamar wanda harsashi ya samu. Iyayenmu da suka zo garin nan a shekarun 1950 ba su bar mana littattafai ba. Akasarinsu ko hoto guda ba su bari ba sai na katin shaida. Wannan fim na daga cikin 'yan abubuwan da za a nuna wa jika a ce masa ga irin rayuwar da kakanka ya yi, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Sai dai fim ɗin na Rouch ne. Shi ya riƙe na'ura, shi ya zaɓi abin da zai shiga da wanda za a yar, sunansa ne kuma ya yi tashe a Turai. Ousmane Sembène na Sanagal ya taɓa zargin masu binciken Afirka irin su Rouch da cewa suna kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Ko mutum ya yarda da wannan zargi ko bai yarda ba, abin da Umaru ya yi daga baya ya nuna bai ga labarinsa ya ƙare a hannun wani ba. Ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar silima ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, ya koyi riƙe na'ura da ɗaukar murya da tsara fim tun daga matakin mataimaki. Da aka yi gasar rubuta labarin fim a 1968, sai ya kawo Cabascabo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Cabascabo labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin, kuma Umaru da kansa ya fito a matsayinsa, da harshen Zabarmanci. An tarye shi da murna, abokai da maroƙa da mata suka kewaye shi, yana ba da labarin yaƙi yana rabon kuɗi. Da aljihu ya bushe sai kowa ya watse, ya nemi aiki ya ga ba wanda ya damu da kakin da ya taɓa sawa, daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara neman abin da zai ci da guminsa. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa a 1969, a sashen da masu sharhin fina-finai ke zaɓa, ya kuma samu kyauta a bikin Mosko na wannan shekara. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ci-rani ya koma gida da rediyo da agogo da sabuwar riga, ya ƙarar da gumin shekara biyu cikin wata guda don kada a ce ya dawo hannu rabbana, ya san wannan darasi bai tsaya kan sojoji ba. Har gobe muna ganinsa a tsakaninmu duk lokacin da sallah ta gabato motocin Yamai da Maradi suka fara cika a tashar Adjamé.

Fim ɗinsa na biyu shi ne Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ɗin nan ita ce wa'azi da muka sani, daga Larabci ta shigo harsunanmu. Labarin wani mai hali ne da ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, ya sa ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya yi amfani da dukiyarsa ya aure ta ta uku, kishi ya tashi a gidan har aka yi asarar ran wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. A 1972, shekarar da FESPACO ta fara ba da babbar kyautarta ta Dokin Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Wato mutumin farko da ya riƙe kyautar fim mafi daraja a nahiyar Afirka tsohon ɗan dakon tashar Abijan ne. Bayansa ya yi Saïtane, wato Shaiɗan, a kan wani mai kiran kansa malami da ya zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani attajiri. Na ƙarshe a manyan ayyukansa shi ne L'Exilé na 1980, wanda ya gina a kan tatsuniyar gargajiya, jigonsa kuwa nauyin alkawari da darajar maganar da mutum ya furta. A waɗannan fina-finai ya yi aiki da Zalika Souley, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi sana'ar fitowa a fim a Nijar, wadda ta rasu a 2021.

In aka jera jigogin nan, almubazzaranci da abokan cin mushe, auren dole da zaluncin mai kuɗi, cin amanar sunan malanta, cika alkawari, duk wanda ya zauna gaban malamin zaure zai gane su, domin babi-babi ne na littattafan tarbiyya da muka karanta. Wannan ne dalilinmu na kiransa malami. A ƙasar Hausa ba yau aka fara koyarwa ta hanyar fasaha ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi sun yi wa'azi da waƙa cikin Fulatanci da Hausa saboda wanda bai iya Larabci ba ya samu rabonsa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi ta ba jajiyoyi suka kai wa matan ƙauyuka ta hanyar 'yan taru. Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo don faɗakarwa. Abin da ya haɗa su shi ne neman hanyar da saƙo zai isa kunnen wanda ba ya karatu. A Nijar ta shekarun 1960 da 1970, inda masu iya karanta Faransanci 'yan kaɗan ne, Umaru ya ga hoto mai motsi da harshen gida shi ne zai kai inda littafi ba ya kaiwa. Ba muna daidaita shi da waɗancan bayin Allah a ilimi ko daraja ba ne. Muna cewa ne ya bi sawun dabararsu da kayan aikin zamaninsa.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko za su ce Bazabarme ne, fina-finansa ba da Hausa aka yi su ba, me ya kawo shi shafin al'adun Hausa? Wanda ya zauna a Abijan ba zai yi wannan tambaya ba. A nan garin duk wanda ya fito daga Nijar ko arewacin Nijeriya, Bazabarme ne ko Ba'adare ko Bagobiri ko Bakano ko Buzu, sunansa guda a bakin 'yan ƙasa, Bahaushe. Sahu guda muke yi a masallaci, kasuwar albasar Galmi guda muke ci, maƙabarta guda muke kai 'yan uwanmu, kuma ranar da aka tashi tambayar baƙo takarda ba a tambayarsa yarensa. Hatta abincin da ya fi kowane farin jini a titunan garin nan, aceke da soyayyen kifin tuna, garba ake ce masa, kuma kowa na faɗin cewa daga sunan mutanenmu masu sayar da shi ya samo asali. Zaman baƙunci ya riga ya mayar da mu dangi, kuma tarihin ɗayanmu na dukanmu ne.

Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, wasu dattawa na cewa fim ɗin Treichville ya nuna samarinmu a mashaya, suna bin mata, suna dambe, sa'an nan Saïtane da Le Wazzou sun taɓa mutuncin malamai da alhazai. Gaskiya ne akwai waɗannan abubuwa a ciki, kuma ba mu ce a zaunar da ƙananan yara gaban kowane sashe ba. Amma mu tambayi kanmu, ƙarya aka yi? Saurayin da ya baro iyayensa da nisan ƙasashe, ba mata, ba mai tsawata masa, yau da aiki gobe babu, abin da ke samunsa ke nan a 1957, abin da ke samun wasu ke nan har yau a lungunan Adjamé. Al'ummar da ta ɓoye wannan ba ta tsare mutuncinta ba, ta dai hana kanta magani. Game da malamai kuwa, ba Umaru ne ya fara rarrabe malamin Allah da malamin ciki ba. Shehu da kansa ya yi rubutu mai zafi a kan miyagun malamai masu sayar da addini don abin duniya, kuma ba wanda ya ce ya ci mutuncin ilimi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya tona asirin mai damfara da carbi, malaman gaskiya ya yi wa aiki.

Na uku za su ce sojan mulkin mallaka ne, ya ɗauki makami a kan masu neman 'yanci, ina abin tunawa a nan? Shi ma bai mayar da wannan yaƙi abin alfahari ba. Cabascabo bai dawo da nasara ba, ya dawo ne da labarai da 'yan kuɗin da suka ƙare. Tuna 'yan mazan jiya irinsa tuna yadda aka yi amfani da su ne, da yadda aka saka musu. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a Turai suna neman haƙƙinsu. Dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci, ya tsaya cik inda yake, na takwarorinsu Faransawa kuwa yana ta hawa. Sai a ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta yanke hukunci a ƙarar Amadou Diop, tsohon soja ɗan Sanagal, cewa wannan bambanci ne da doka ba ta yarda da shi ba. Aka ci gaba da jan ƙafa har fim ɗin Indigènes ya fito a 2006 ya tayar da ƙura, kuma ba a kammala daidaita fanshon ba sai daga farkon 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. A lura, a nan ma fim ne ya taimaka ya motsa abin da takardun koke suka daɗe suna nema. Ita ma Kwaddibuwa tana da nata ɗan da ya bi irin wannan hanya, Ahmadou Kourouma, wanda aka haifa a 1927, ya yi soja a Indoshin, ya dawo ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Afirka kafin rasuwarsa a 2003. Shi 'yan ƙasarsa suna karanta shi a makarantu. Namu fa?

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne lokaci. Saurayin da ya sauka Treichville a shekarun da Umaru ya zo, in yana raye, ya haura shekara 80 da nisa. Mu da aikinmu ya haɗa da rubuta wasiƙun jama'a da sanarwar rasuwa mun san yadda sahun nan ke raguwa kowace shekara. Kowane ɗayansu ya tafi, ya tafi da sunayen masu masaukin da suka karɓi baƙi, da labarin yadda aka sayi filin masallaci, da yadda aka fara fataucin goro da shanu da albasa tsakanin nan da gida, da yadda aka tsallake ranakun tsoro. Amadou Hampâté Bâ, wanda ya ƙare rayuwarsa a garin nan a 1991, ya shafe shekaru yana jan hankalin duniya kan irin asarar da ake yi in dattijo ya rasu ba a ɗebi abin da ke kansa ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun fi sakewa da Faransanci da nushi, yaren titi, fiye da Hausa ko Zabarmanci. Birnin da ya haura mutum miliyan biyar yana yi musu kallon baƙi, in sun je gida kuma a ce musu 'yan Abijan. Yaron da bai san cewa kan kakansa ne ya ɗauki simintin da aka gina garin nan da shi ba, zai yi tafiya a cikinsa yana sunkuyar da kai kamar mai cin arziki.

Saboda haka muna ba da shawarwari ga shugabannin al'umma da ƙungiyoyin matasa da na mata, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu. A ware rana guda a farkon watan Janairu na kowace shekara, a yi wa Umaru Ganda da sauran magabatanmu na garin nan addu'a, bayan haka a kafa majigi a fili a nuna ɗaya daga cikin fina-finansa, a sa wanda ya iya harsunan ya riƙa fassara wa jama'a da Hausa, dattawa kuma su yi bayani a kan abin da aka gani. Fadar Al'adu mai ɗauke da sunan Bernard Dadié a Treichville take, a bakin tafkin da Umaru ya yi tafiya a gefensa, kuma ba laifi ba ne mu nemi zaurenta ta hannun shugabanninmu da ofishin jakadancin Nijar. A kuma zaɓi matasa a kowace unguwa, kowa da wayarsa, su zauna gaban tsofaffi su ɗauki muryarsu da hotonsu: yaushe ka zo, ta wace hanya, wa ya sauke ka, wane aiki ka fara? A adana abin da aka ɗauka a wuri fiye da ɗaya. Iyalan da ke da littafin soja na kakansu ko lambar yabo a ƙasan akwati su fito da su a ɗauki hotonsu a rubuta sunayen a rajista guda. Malaman makarantunmu na Islamiyya da masu haɗa Larabci da Faransanci su ba tarihin zuwanmu garin nan ko da darasi guda a zango. 'Yan kasuwarmu da Allah ya buɗa wa, waɗanda ba sa ƙyashin kashe kuɗi a biki, su ɗauki nauyin yaro guda mai sha'awar koyon aikin fim.

Umaru Ganda ya fara da firamare kawai, ya ratsa ta bariki da layin leburori, kuma kayan aikin da ya yi fim ɗinsa na farko da su ba su kai ƙarfin wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a yau ba. Da wannan ya bar abin da ake nazari a jami'o'in duniya. Uzurinmu na rashin kayan aiki ya faɗi, abin da ya rage shi ne niyya.

Allah ya jiƙan Umaru Ganda, ya yafe masa kurakuransa, ya sa abin da ya faɗakar da jama'a a kai ya zame masa nauyi a mizani. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka sha rana da ruwan sama a tashar jiragen ruwa da kasuwannin garin nan, waɗanda aka san sunayensu da waɗanda aka manta. Ya ba mu ikon riƙe amanar tarihinsu, ya kuma zaunar da ƙasar da ta karɓe mu da ƙasashen da muka baro lafiya. Amin.